Ƙoƙon da Ba Ya Zagayawa

Comodoro Rivadavia,
Nuwamba, 1931.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Daga Babban Likitan rijiyoyin mai na wannan gari, mai tabarau da agogon zinariya, wanda ko manaja ba ya shiga wurinsa sai ya cire hula, zuwa ga uwargida Najiba, Ummu Salma, a Cosquin ta ƙasar Cordoba. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah Ya sa wannan takarda ta same ku lafiya, ke da maigida Adib da yara, Ya ƙara wa kantinku albarka, Ya raba ku da ciwo. Kada ki yi mamakin likitan Turawa yana rubutu da baƙin Larabci, har yana karkacewa irin na ɗan allo. Mu manyan likitoci ba abin da ba mu karanta ba. Umarnina na farko shi ne ki kira maigidanki ya zauna a karanta da shi.

Kawunku Ragib yana Sarmiento lafiya, sai gwiwar nan da ke tashi duk sanda za a sauke kaya. Ƙaninki Munir ma lafiya lau. Yaro ne mai hankali da natsuwa, na duba shi da kaina. Na ji kin rantse ba za ki sake buɗe wasiƙarsa ba, don kawai ya rubuta miki cewa ya auri 'yar mai garken tumaki, kika ɓata yadi kika ɗinka wa amaryar da babu ita riga. A likitance, riƙo irin wannan yana ɓata hanta.

Amma ba don shi na ɗauki alƙalami ba, don ɗan'uwanku Subhi ne. Tun sanyin da ya wuce ba a gan shi a Sarmiento ba, ko salla bai zo ba, sai Kawu ya ɗora Munir a jirgin ƙasa ya ce ya je ya ja masa kunne. Kin san iskarmu ta kudu, to ta garin nan uwarta ce. Yaron yana sauka ta cire masa hula ta yi teku da ita. Ya ce a ransa, wannan ai ita ce aka aika wa Adawa ta halaka su, ya kama karanta abin da ya sawwaƙa, tsakuwa na shiga masa baki. Haka ya bi hanya a sunkuye, ba itace ko ɗaya, sai dogayen ƙarafunan haƙar mai suna kuka, har ya kai barikin gwauraye.

Ya same su sun tashi daga aiki, sun raɓe a bayan bango inda iska ba ta kaiwa, ana shan mate, shayin ganyen nan na mutanen ƙasar. Wani dattijo mutumin Catamarca, Don Evaristo, shi ke riƙe da buta, yana cika ƙoƙo yana miƙawa, kowa ya zuƙa da bututun ƙarfen nan ɗaya ya mayar masa. Subhi kuwa yana gefe a kan gwangwani, da nasa ƙoƙon shi kaɗai. Ya rame, Ummu Salma. Wuyansa kamar na kaza, baƙin mai ya shige ƙarƙashin faratansa. Ya rungume yaron, amma fuskarsa ya kau da ita gefe. Mutanen suna ta yi masa tsiya: wai Turko, kamar yadda suke kiran kowane Balarabe, ya zama ɗan sarki, bakin talaka ya yi masa ɗoyi; wai ko azurfa aka dasa masa a leɓe ne. Kin san a ƙasar nan mutum ya ƙi ƙoƙon jama'a, gara ya zagi uwarsu. Munir, maimakon ya kare ɗan'uwansa, sai ya shiga cikinsu, ya ce ai tun a gida haka yake, ko tuwon alkama sai an hura masa.

Washegari yaron ya ce zai sauke masa girman kan nan a gaban kowa. Ya lallaɓa ta baya, ya fizge ƙoƙon, ya ɗaga shi sama yana cewa yau talaka zai ɗanɗana abin sarakuna. Bututun ya kusa taɓa leɓe sai mari ya sauka a kuncina. A kuncin yaron nake nufi. Ƙoƙo ya yi gefe, dariya ta tsaya cak. Subhin da ko ranar da aka zuba masa gishiri a shayi gaban surukai dariya ya yi.

Ya ja shi ta kwala zuwa bayan tankin ruwa. Bai kai ga magana ba tari ya sarƙe shi, ya duƙa ya daɗe, sa'annan ya buɗe hankicinsa ya nuna masa. Jini ne. Ya ce masa, kai wawa, ka ga abin da kake so ka sha? Ya ce tun tsakiyar sanyi yake fama, tarin fuka ne, ya san shi don irinsa ne ya ɗauke Baba. Ya ce ba girman kai ya fitar da shi daga zagayen ba. Evaristo yana da yara a Catamarca, sauran ma kowa da masu jiransa, gara su zage shi da ya raba musu wannan a ƙoƙo. Kuma ba zai iya faɗa musu ba, don maganar tana kaiwa kunnen likitan kamfani za a sallame shi, a ba wani gadonsa.

Da suka koma idanu suna kansu. Nan yaron ya yi ƙaryar da ta fi duk wadda ya taɓa yi kyau. Ya ce laifinsa ne, ya manta watan da ake ciki. A addininsu akwai watannin da namiji ba ya haɗa ƙoƙo da kowa, ko da ɗan uwarsa. Ya je kanti ya sayo nasa, ya zauna kusa da Subhi. Wani ya ce kai, addinin Turkawa da wahala yake, aka yi dariya, aka bar zancen. Allah Ya yafe masa, Shehun da ya koya masa karatu da ya ji da sai ya karya masa allo a ka. Don Evaristo ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya zo ya zuba musu ruwan zafi, kowa a nasa, ya ce wa yaron a hankali: ɗana, na binne ƙanena da irin wannan watan. Ya ce iskar nan da hayaƙin rijiya ba za su bar shi ya ga wani sanyin ba, a kai shi duwatsun Cordoba, can masu ciwon ƙirji ke tashi.

Duwatsun Cordoba kuwa ƙofar gidanku ce. Da aka faɗa wa Subhi sai ya ce gara a binne shi a tara masa duwatsu a filin nan da ya taka gidan Adib ba a kira shi ba. Kin tuna ranar, kina wurin. Adib ya ce a gaban masu saye wai ba abin da ya iya sai cin abinci, shi kuma ya ajiye cokali ya fita. Abu Salma, kai nake nufi yanzu. Ban ce ba ka da gaskiya a lissafinka ba, ban kuma ce ka durƙusa ba. Layi ɗaya da hannunka ya isa: ka zo gida. Idan Najiba ce ta rubuta ba zai zo ba, na gwada ambaton sunanta, kuka kawai ya yi. Da shigowar sabuwar shekara ake bin bariki ana sauraron ƙirjin ma'aikata, kuma watan ƙarya ba ya daɗewa.

A gaishe da Salma da Hikmat da ɗan autan da ban gani ba tukuna, da Gwaggo Wadiha idan tana nan. Kawu Ragib bai san komai ba, yana can yana zaton shashanci ya riƙe yaron.

Yaya, babu wani likita. Da likita ya san abin da na sani, da tuni Subhi yana bakin titi da akwatinsa. Ni ne, kuma na san kin gane tun daga agogon zinariya. Ba ni da wata hanyar da zan sa ki buɗe. Ina nan tare da shi, ba inda zan je, muna shan namu a gefe. Wallahi wannan karon ba wasa ba ne, kuncina har yanzu da shatin yatsunsa. Idan rantsuwarki ta sa dole sai kin yage wani abu nawa, ki yage wannan ƙarshen, ki karanta wa Adib na likitan.

Ƙaninki,
Munir.