Tokar da Na Goge a Tashar Jirgi

Zuwa ga mahaifina, Malam Bulus Katikis,

Bayan gaisuwar girmamawa irin ta 'ya ga mahaifinta, ina fatan kana cikin hutun Ubangiji. Talatunka ce, daga Kuala Lumpur, inda karatu ya kawo ni shekara guda bayan mun binne ka. Na yi abin da ba zan iya faɗa wa Inna a waya ba, shi ya sa na kawo ƙarar kaina wurinka.

Ban manta labarin da kake ba mu na zuwan su Fada, limaman coci, ƙauyenmu ba. Ka ce kana yaro Turawan Ailan suka shigo ƙasarmu ta Maguzawa, aka ba su fili a bayan gari inda ba mai so. Sistoci suka buɗe ɗakin shan magani, daga baya makaranta. Kai ka koya wa Fada Dogo Hausa, shi ya koya maka karatu da hawan keke. Har ya mutu kana yi masa tsiya, wai shekara talatin a garinmu amma da cokali yake cin tuwo.

Duk shekara kai ne mai ƙona busasshen ganyen dabinon da muka riƙe a coci bara. Ka tankaɗe tokar, Fada ya sa mata albarka, ka ɗaure gwangwanin a keke ka bi ƙauyukan da ba zai iya kaiwa ba. Ranar Larabar Toka, farkon azuminmu, da gicciyen toka a goshi kake ratsa kasuwa, ana yi maka ba'a, kana ta amsa gaisuwa abinka.

Nan ma irin su Fada sun zo, Baba. Cocin da nake zuwa yana Brickfields, unguwar Indiyawa, kuma limamansa na farko Faransawa ne. Wata tsohuwa 'yar Tamil ta ce mini sistoci ta jirgin ruwa suka iso, suna renon jariran da ake ajiye musu a bakin ƙofa, har da mahaifiyarta. Na ji kamar kai ne kake magana. Sai dai in an tashi ibada kowa ya nemi nasa. 'Yan Najeriyar da ke wurin mutanen kudu ne, kuma da suka ji ina Hausa a waya suka tambaye ni me ya kawo ni coci. Na gaji da bayani, na koma zaman kujerar baya.

Masu jin harshena suna unguwar Setapak, a benen da nake haya. Maman Aisha Bakanuwa ce, mijinta yana digiri na uku. A lif ta ji ina Hausa, ta riƙo hannuna kamar ta tsinci ƙanwarta. Sunana Talatu, ina yafa gyale kamar kowace Bahaushiya. Ba ta tambayi addinina ba, ni kuma na ja bakina na yi shiru. Wata takwas kwanonmu ɗaya. In an kira salla in ce zan yi a ɗakina, ranar Lahadi in ce na tafi laburare. Tsoro nake ji, Baba. Ɗakinta kaɗai nake dariya a duk faɗin garin nan.

Bana azuminmu da nasu suka zo tare. Ranar Larabar Toka na karɓi tawa tokar a goshi, na fito, sai ga saƙon Maman Aisha wai in zo buɗe baki. A tashar jirgin ƙasa na shiga banɗaki, na jiƙa hankici na goge goshina tas. Ni, 'yar katikis mai koyar da addini. Da na isa na tarar ta dama kunun gyaɗa, ta soya ƙosai, ta yi mini sannu da ibada.

Mako biyu ina fama da kaina, sannan na faɗa mata ni Kirista ce, tana surfen wake. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta ce, "Talatu, maƙwabtanmu a Kano Kiristoci ne, tare muka tashi. Da kin faɗa tun farko me zai faru? Amma wata takwas kina kallon idona kina yi mini ƙarya."

Su Fada da sistoci sun ƙetare teku don su faɗi abin da suka gaskata, wasunsu ko gawarsu ba ta koma gida ba. Ni da aka karɓa hannu biyu na kasa buɗe baki.

Yau kwana tara. Muna haɗuwa a lif, ta ce sannu, in ce yauwa, kowa ya kalli lambobin hawa. Ba ta kore ni ba, ba ta kuma kira ni ba, ni ma kunya ta hana ni ƙwanƙwasawa. Da magariba ƙamshin girkinta yana shigo mini ta taga. Ban da wannan sannu da yauwa, kwana tara ban yi Hausa da kowa ba sai kai, kai kuma ba ka amsawa.

Ina kewarka, Babana. Ka yafe mini.

Allah ya ba ka madawwamin hutu, haskensa ya haskaka ka, kai da Fada Dogo da sistocin da suka yi mana wahala. Allah ya karɓi azumin Maman Aisha, ya sanyaya mata zuciya. Ni kuma ya ba ni ƙarfin taka matakala goma sha biyun da ke tsakanin ƙofata da tata. Amin.

'Yarka,
Talatu