Katifar Inna

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya, da maigidan da yara. Mu dai da sauƙi, in ban da Inna.

Ba zan ɓoye miki ba, raina a ɓace yake. Da aka kwantar da ni asibiti haihuwa, ke na bar wa Inna, don ba ni da wanda ya fi ki. Na nuna miki yadda ake juya ta, dama, hagu, a sa matashi tsakanin gwiwoyinta. Na faɗa miki katifar sosonta mai tudu da kwari nas ce ta sa aka sayo tun da jikinta ya shanye, don nauyi ya daina taruwa wuri ɗaya. Kika ce kin ji.

Na dawo da ɗinki a cikina, na tarar da Inna a kan wata sabuwar katifa mai tsayi, mai tauri kamar daɓe, ko ledarta ba a cire ba. Maƙwabciya ta ce surukanki ne za su zo dubiya, kika ce waccan ta yi kama da kwalin ƙwai, za ta ba ki kunya, kika ba masu kwasar shara.

Da na ɗaga zaninta, Yaya, ƙugunta ya yi baƙi, gumi ya jiƙa wurin, fatar ta sale. Inna ba ta iya cewa wayyo. Kallona kawai ta yi.

Ki gaida yara. Su ba su yi mini komai ba.

Ƙanwarki, Auta

Zuwa ga Yaya,

Ina gaisuwa, don haka Inna ta koya mana. Da fatan ƙafar taki da kika ce ta hana ki zuwa ta yi sauƙi.

Labari ya iso ni. Gwaggo ta zo har ɗaki tana yi mini faɗa, wai kin ce tun da na haihu na yi watsi da tsohuwa, jariri kawai na sani, ke kuwa har sabuwar katifa kika saya mata. Na kama hannun Gwaggo na kai ta bakin gado lokacin da nas take wanke gyambon. Ya yi rami, auduga na shigewa ciki. Gwaggo ta toshe hanci ta fita tsakar gida tana kuka.

Mijina ya samo wata katifar irin ta da. Taki tana jingine a bango, ki aiko a ɗauka kafin kaji su gama da ita. Kada ki sake aiko direba da lemo da sabulu. Inna ba ta rasa sabulu ba.

Auta

Yaya,

Ina fata kina lafiya. Gyambon ya fara cikowa, nas ta ce naman ya yi ja, alama ce mai kyau.

Na yi rantsuwa ba zan ƙara rubuto miki ba, amma ga abin da ya faru. Jiya da hantsi ina juya Inna, jaririya na tsala ihu a bayana, sai bakin Inna ya motsa. Tun da ta kwanta ban ji kalma sosai daga gare ta ba. Na kai kunne. Sunanki ta kira. Ta sake kira, tana leƙen ƙofa ta bayan kafaɗata.

Na gama juya ta, na gyara mata matashi, na shiga bayi na yi kukana.

Ban yafe miki ba, kada ki ɗauka haka. Amma ki zo. In kin iso zan ɗauki 'yata in koma ɗaya ɗakin, ba sai mun gaisa ba. Ke take nema.

Auta