Ƙyauren da Na Rufe a Marrowby

Litinin, 11 ga Yuli

Na iso Marrowby. Coci ɗaya, mashaya ɗaya, kanti ɗaya mai sayar da madara da katin ta'aziyya. Shekara arba'in da ɗaya ina ihu a kan faranti da kofuna a kasuwa, ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Har kunnena ke ƙara.

Na kama ɗakin sama a gidan wata Misis Ottley, zuwa Juma'ar sama. Ta ce, "Me ya kawo ka wajenmu, Mista Gadsby?" Na ce yawon buɗe ido, ranki ya daɗe, tsofaffin coci nake so, da tsuntsaye. Ta dubi takalmina mai ƙyalli ta ce, "To."

Daga taga ana hango rufin gidan gonar. Gonar Rowena da mijinta. 'Yata. Shekara tara ba ta ce mini uffan ba.

Talata, 12 ga Yuli

Misis Ottley ta ara mini keken marigayi mijinta. Baƙi, mai kwando, nauyinsa kamar gawa. Sau uku na wuce bakin hanyar gonar ina taka feda kamar mai sauri. Ina zan je? Gaba babu komai sai shinge da shanu.

Mazaunaina ciwo.

Laraba, 13 ga Yuli

Abincin rana a mashaya. Akwai wani tsoho, Wilf, mai gyaran katangar dutse, da kujerarsa da ba mai taɓawa. Na saya masa giya, bakinsa ya buɗe. Na san irinsu, ka ba su kofi ɗaya su ba ka gari.

Ya zana mini hanya a bayan takardar abinci. Daga bayan coci, ka tsallake matakalar katako, ka bi kibiyoyi masu ruwan ɗorawa, hanyar ƙafa ta ratsa tsakiyar gonar Thorley har rafi. Thorley, sunan mijin ke nan. Na yi kamar ban taɓa ji ba.

"Ba za su kore ni ba?"

"Su kore ka? Hanyar ta girmi kakan kakansu. Ko maƙiyinsu ne sai ya wuce, in dai bai kauce ba. Amma ku mutanen birni, kai! Ku bar ƙyaure a hangame, ku saki kare cikin tumaki."

Na ce ni ba na cikin waɗannan. Ko maƙiyinsu ne. To ga ni.

Alhamis, 14 ga Yuli

Na bi hanyar. Takalmin ya lalace. Ban ga kowa ba sai tumaki, su ma kallon raini suka yi mini.

Bari in rubuta sau ɗaya, tunda ba mai karantawa. Ranar da matata Glenda ta rasu Asabar ce, ta gaban Kirsimeti, ranar da ta fi kowace ciniki a shekara. Rowena ta kira daga asibiti ta ce Baba ka zo yanzu, numfashin Mama ya canza. Na ce ina hanya, cunkoson motoci ne. Daidai nan mai lemun da ke kusa da rumfata a kasuwa ya ƙwala tallansa. Ta ji. Ban ma rufe wayar da hannu ba. Na isa bayan awa biyu, an riga an ja labule.

Wasiƙa biyar na aika. Na iya tsara magana, Allah ya sani. Na taɓa sayar wa limamin coci kofuna marasa mariƙi. Duka biyar suka dawo ba a buɗe ba.

Juma'a, 15 ga Yuli

Keke har ƙauyen gaba. Shi ma coci, shi ma shiru. Na karanta sunayen matattu a jikin duwatsu don in sami abin gaya wa Misis Ottley.

Asabar, 16 ga Yuli

Na gan ta.

Can ƙasa wajen rafi, a kan babur mai ƙafa huɗu, kare zaune a bayanta. Furfura ta fito mata. Wa ya ba 'yata izinin furfura? Kafaɗun uwarta sak. Na ɓuya bayan wata bishiya, ni, ɗan shekara sittin da tara, da taswira a hannu kamar ɓarawon kaji. Na tanadi magana kala uku: ta kuka, ta dariya, da ta ciwon hannu, tunda yanzu rawa yake, shi ya sa ma na bar rumfar. Ko ɗaya ba ta fito ba. Ta wuce.

Ba zai yiwu ba. Na sani tun kafin in taso.

Lahadi, 17 ga Yuli

An buga ƙararrawar coci awa guda cur. Mutum takwas suka shiga, na ƙirga. Ba ta ciki.

Litinin, 18 ga Yuli

Zafi yau kamar ba Ingila ba. Kwalta na manne wa tayar keke. Na fita da hantsi kafin ya tsananta.

Yau dai na yi mata wani abu. Tsakanin gonar tudu da ta gangare akwai ƙyauren ƙarfe, na tarar da shi a hangame, wani malalaci ma ya tokare shi da dutse. Tumaki duk suna sama, ƙarƙashin inuwar shinge. Na ce kun gani, aikin mutanen birnin da Wilf ke faɗa. Na ture dutsen, na ja ƙyauren, na sa sakata, har na ɗaure da igiyar da na gani a rataye. Ɗaurin kasuwa, ba mai kwance shi da wasa.

Ba za ta san ni ne ba. Amma na dawo ina fito. Rabona da fito.

Talata, 19 ga Yuli

Tsakar rana na shiga mashaya na tarar Wilf na dukan tebur.

"Wani jakin ne ya rufe wa Thorley ƙyauren tudu! Da gangan matar gidan ta bar shi a buɗe, sama ba ruwa, sai sun sauko rafi. Yini da kwana cikin wannan wuta. Da safe ta same su sun taru jikin ƙarfe suna haki. Biyu sun mutu, tsofaffin, ɗaya ma da madarar kwalba ta raine ta."

Mai mashayar ta ce, "Masu yawo ne, waɗannan 'yan Landan masu sanduna biyu-biyu."

"Ƙyaure yadda ka same shi haka za ka bar shi! A buɗe, a buɗe. A rufe, a rufe. Yaron goye ya san wannan."

Ni kuma me na ce? Na girgiza kai na ce, "Allah wadai. Na ma gan su jiya, mace da namiji, da jar jaka." Haka ta fito, sumul, ko tunani ban yi ba. Har Wilf ya saya mini giya.

Na sha.

Laraba, 20 ga Yuli

Ban fita ba. Na ce wa Misis Ottley ciki ne. Ta kawo shayi ta ajiye, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ban ga masu jar jaka ba ni kam, kuma duk mai zuwa coci ta tagata yake bi." Ta ja ƙofa a hankali.

Jibi in tafi. Ba wanda zai tabbatar da komai.

Alhamis, 21 ga Yuli

Ban san me ya kai ni ba. Na ce zan je kanti ne, sai ga ni na kauce daga kibiyoyin, na bi tsakar gidan gonar, kare na haushi.

Tana wanke bokitai. Ta ɗago, ba ta ko razana ba.

"Len," ta ce. Sunana, ba Baba ba.

"Rowena, ni dai wucewa—"

"Kwana goma kana wucewa. Tun ranar da ka sauka aka gaya mini. Bishiyar nan ma ba ta kai faɗin cikinka ba."

Ga dama ta samu, in yi dariya, in ɗora da wasa. Na san yadda ake yi. Sai na ji bakina ya ce, "Ni na rufe ƙyauren."

Ta ajiye bokitin.

"Ba wasu 'yan Landan. Ni ne. Na ɗauka taimako nake yi."

"Na sani. Wa zai yi irin wannan ɗaurin? Da shi na tashi ina kwance kwalayenka. Wannan sai da na sa masa wuƙa." Ta goge hannu a wando. "Jira nake in ji labarin da za ka kawo. Wilf ya ce har da jar jaka."

"Ba labari."

"To me kake so, in tafa maka?"

"A'a." Sai kuma, ban shirya ba wallahi: "Ranar nan ma ba cunkoson motoci. Ina rumfa."

"Na sani, Len. Ina kan wayar."

"Na san kin sani. Ban dai taɓa faɗa ba."

Ta kalli ruwan da ke gangarawa magudana. Ta ce, "Ka fita ta inda ka shigo. Nan ba hanyar jama'a ba ce."

Na fito. Shi ke nan fa. Abin da na zo nema na samu, amsa. Na biya mashaya na gaya wa Wilf shi ma, tunda an riga an zube. Ya kira ni sunan da ba zan rubuta ba, ya juya kujerarsa.

Juma'a, 22 ga Yuli

An yi ruwa da asuba. Na haɗa kaya, na sauko da jaka, sai na ji ina tambayar Misis Ottley ko ɗakin na da mai shi mako mai zuwa. Ba don komai ba, a gida ma bango zan kalla. Ta ce, "Ban cire zanen gadon ba."

Na bi hanyar, tunda doka ta ba ni. Ban kauce ba ko taku ɗaya. Tana gonar gangare tana duba ƙafar wata tunkiya. Ba ta juya baya ba, ba ta kuma ɗago ba. Na kai ƙyauren ƙasa na wajen rafi, a rufe, na buɗe na wuce, sai na tsaya riƙe da shi kamar wawa, na kasa tuna komai.

Daga can ta ɗaga murya.

"A rufe ka same shi, Baba! Rufe!"

Kuskuren baki ne, na tabbata. Mutum na cikin aiki. Ba zan gina komai a kai ba.

Na rufe. Na sa sakata, na bi hanyata. Sai jan hanci nake, ina jin mura ce ke son kama ni.