Ko Wasali Ban Taɓa Ba

Litinin, 3 ga Maris
Saƙo daga jami'a ya shigo waya. Wai aikin da na tura na darasin renon yara kwafe ne, na'ura ce ta gano. Zan tsaya gaban kwamiti idan mun shiga makaranta zaman mako biyun nan. In ba su gamsu ba, kora. Ina da shekara arba'in da bakwai na samu gurbin nan na karatu daga gida, da ƙyar.

Laraba, 5 ga Maris
Allah ya sani ban kwafa ba. Bidiyon malama na saurara sau goma sha ɗaya, ina tsintar shinkafa, har ya zauna mini a kai, na rubuta da ka. Haka aka koya mana a allo: abin da malami ya biya maka, ka mayar masa yadda ya ba ka, ko wasali kada ka taɓa. Maigida ya ce, "To ki yi wa na'urar bayani mana." Shi dariya yake yi.

Lahadi, 16 ga Maris
Ɗakin ɗalibai, gado mai hawa biyu. Yaran sun bar mini na ƙasa saboda gwiwa.

Talata, 18 ga Maris
'Yan kwamitin su uku ne, har da malamarmu. Malamar ashe sa'ar ƙanwata ce, a waya ta fi haka girma. Na nemi izini, na karanto lacca ta huɗu da ka, har wurin da ta yi tari ta ce "afuwan". Ɗayansu ya sunkuyar da kai, kafaɗarsa na rawa.
Ta ce, "Mama, na yarda ba ki yi sata ba. Amma wannan maganata ce. Ina taki?"
Na ce ni wa, da zan sa baki a maganar malami?
Kwana uku suka ba ni in sake, da kalmomina.

Laraba, 19 ga Maris
Duk jimlar da na ɗauko, muryarta ce ke ƙarasa mini.

Juma'a, 21 ga Maris
Na miƙa. Shafi ɗaya da rabi kacal, ban san ko zai isa ba. Sakamako sai mun koma gida.
Akwai inda malama ta ce yawan goyo na sa yaro ƙiwa. Na goyi shida. Na rubuta cewa a gidana ba haka na gani ba. Na yi istigfari bayan na sa aya.
A lokacin abin gogewa yana nan kusa da hannuna, ban dai ɗauka ba.