Yaya Sule, Maganin Maruƙa Ake Ba Inna

Assalamu alaikum.

Zuwa ga yayana Sule, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ina karatu, ina sanyin ƙasar Turawa? Ni ce ƙanwarka Hajo, daga rugarmu ta bayan Wagini. An ce ka sauya gari, ba mu san inda za a same ka ba, shi ya sa na roƙi malaminmu na firamare ya kai wannan wasiƙa gidan jarida. Ina jin kunyar mutane su karanta, amma ba ni da wata hanya.

Yaya, Inna ba ta da lafiya. Ciwon ciki ne, tun bayan roron wake. Baba ya yi kudu da shanu, Baffa Jaɓɓi ke riƙe da gida. Ran kasuwar Batsari ya sayo maganin tsutsa irin wanda ake ɗura wa maruƙa. Wai abin da ya gyara cikin saniya ba zai gagara gyara na mutum ba.

Ka san al'adar gidanmu, ba a shan sabon magani sai an gwada wa kaza. Ni aka sa na kamo kazar nan wake-wake, na riƙe ta, Baffa ya ɗiga mata a baki. Ta girgiza kai, ta koma tonon ƙasa. Har ƙwai take yi yanzu. Sai aka fara ba Inna.

Yau idon Inna ya yi rawaya, hannunta na rawa, ko ƙwaryar nono ba ta iya ɗauka. Baffa ya ce cutar ce ke fita, sai an shanye kwalbar. Saura kusan rabi.

Ka tuna zuwanka Sallar Layya, kana zaune kan turmi kana ba mu labarin aikinku? Ka ce kuna da wata na'ura, kwamfuta, ta cika ɗaki guda. Ana faɗa mata abin da aka haɗa magani da shi, ta yi lissafi, ta nuna ko zai iya cutar da hanta tun bai shiga bakin kowa ba. Ka ce takan yi kuskure, kuna kan koya mata. Ka ce, "Hantar kaza daban, ta saniya daban, ta mutum daban." Goggo ta ce boko ya juya maka kai, kowa ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Na so in faɗa wa Baffa wannan magana. Na durƙusa, na fara. Ya ce yaushe na gama firamaren da zan koya masa magani. Asibitin Batsari ma ya ce ba a wahalar da mara lafiya kan jaki alhali ga magani a ɗaka.

Haushinka nake ji, Yaya, ka yafe mini. Kana can kana tambayar na'ura saboda mutanen da ba ka sani ba, uwar da ta haife ka kuwa kaza aka tambaya. Ko na'urar ba na buƙata. Kai nake buƙata, don kai namiji ne, kai za a saurara. Ka zo. In zuwa ya gagara, ka yi magana a kaset ka ba mai zuwa Katsina, Baffa ya ji da muryarka cewa a kai ta asibiti.

Ni ake miƙa wa cokalin in ba ta. Jiya na zubar bayan danga, yau ma haka. Inna ta gan ni. Ranar da Baffa zai gane, ban san abin da zan ce masa ba.

Allah Ya ba Inna lafiya, Ya sa wannan ta iske ka da wuri, Ya dawo mana da kai ka same ta a zaune. Amin.

Taka ƙanwa mai jiran ka,
Hajo