Ai Na Kakkaɓe

Yaya,

Na tafi asibiti, ban tashe ki ba. Tun jiya cikina ke murɗawa, sau biyar ina zagayawa.

Na kuma gano dalili. Na ga fulawa maƙale a bakin rariyata, wadda na ɗaura wa jan zare don kada kowa ya taɓa. Da ita kika tankaɗe fulawar kek ɗinki, ni kuma na zo na tankaɗe garin shinkafata ban sani ba. A gabanki likita ya ce ko ƙurar alkama ce ta shiga cikina sai ta yi wa hanjina illa. Da na yi miki magana jiya, ko ɗago kai ba ki yi ba, kika ce, "Ai na kakkaɓe."

Ki sayo mini sabuwar rariya kafin in dawo. Tsohuwar na bar miki.

Sannan alayyahon da na shuka yana son taki, na rasa abin ɗiba. Da kofin shayinki mai fure na kwashi kashin kaji. Yana nan inda kike ajiye shi.

Kada ki damu, Yaya. Ai na kakkaɓe.

Ƙanwarki