Akwatin Wutar da Kaka Ya Gyara

Bacău, 24 ga Oktoba

Zuwa ga Kawu Dorin,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Viorica da Daria. Ubangiji ya ƙara maka ƙarfin jiki, ya sauƙaƙa maka ciwon bayan nan da Mama ta ce tsayuwar masana'antar tayil ta jawo maka, ya kuma tsare ku a ƙasar mutane. Mu nan lafiya muke, sai godiya. Sanyi ya fara shigowa amma har yau ba a kunna na'urar ɗumama benenmu ba, kowa da rigar ulu yake yawo a cikin gida. Mama tana aikin safe a wannan watan, ta gama dafa zacuscă ta bana, miyar kayan lambun nan da ake adanawa a kwalba, ta ware muku kwalba shida. An yi addu'ar cika shekarar marigayiya Kaka Aglaia a coci, maƙwabta sun zo da yawa, kowa ya tambaye ka. Karatu kuma yana tafiya daidai, sai lissafi da yake ɗan ba ni wuya.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Ka san halina, Kawu, idan na ɗauki waya ba na iya faɗin abin da ke raina. Ga shi kuma bangon gidan nan ba ya riƙe sirri, abin da zan faɗa kuwa ba na so Kaka, mijin marigayiya, ya ji.

Da farko ina godiya. Katin sarrafa hoto da ka aiko mini don kwamfutar da zan haɗa ya iso lafiya, direban motar da take zuwa daga garinku Castellón ya miƙa mana shi a tasha, naɗe cikin tawul biyu kamar jariri. Ban taɓa riƙe abu mai daraja irinsa ba. Sau ɗaya na buɗe kwalin na leƙa, na mayar na rufe, na ɗora shi a saman kabad inda ko kyanwa ba ta kaiwa. Daria ta ce da zarar na haɗa kwamfutar za ta sa ni cikin ƙungiyar wasansu. Ba zan ɓoye maka ba, ina ɗokin hakan fiye da yadda nake nunawa, domin a cikin wasa nakan iya magana da mutane ba tare da fuskata ta yi zafi ba.

Sauran kayan kuwa, mako uku na yi ina zaɓe, har na cika rabin littafin rubutu. Ashe abin ba kamar sayen takalmi ba ne. Ƙwaƙwalwar kwamfutar da na fara so ba ta zama a kan babban allon da ake dasa kayan a kai wanda na zaɓa, domin mazauninsu ba ɗaya ba ne, na soke na sake. Da na daidaita su, sai na gano ram ɗin da na rubuta, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfutar, na tsohon yayi ne, ba zai shiga ramin sabon allon ba. Gidan kwamfutar ma sai da na auna tsawon katinka da tef ɗin ɗinkin marigayiya har sau uku, saboda wani da ya burge ni ya gaza da faɗin yatsa biyu. Mama ta ce ita dai a sayo fari don ya dace da labule. Kullum ina kwana da tsoron kada in zaɓi abin da ba zai yi ba, kuɗin tallafin karatuna da gumin Mama su tafi a banza. Amma duk wannan mai sauƙi ne. Inda na shiga tsaka mai wuya shi ne akwatin wuta, wato wanda yake karɓar lantarki daga bango ya raba wa sauran kayan.

Ba ka ga Kaka ba a shekarar nan, Kawu. Tun da aka binne matarsa ya daina shiga baranda. Ka tuna yadda take, gefe guda kwalaben Mama, gefe guda teburinsa da tsofaffin rediyo da gwangwanayen ƙusoshi na shekara talatin da biyar da ya yi yana gyaran talabijin. Shekara guda ƙura ce kawai take shiga wurin. Yakan zauna a kujera tun safe, a kawo abinci ya taɓa, a ɗauke. To ranar da ya ga littafina a teburin kicin, ya jawo shi ya sa tabarau, ya yi ta dubawa. Da ya zo kan akwatin wuta sai ya buga tebur, ya ce wane ɗan damfara ne zai sayar wa jikarsa abin da yake da irinsa har uku a baranda. Washegari da na dawo daga makaranta na ji ƙanshin narkakkiyar dalma tun daga matakala. Na tarar da shi ya zaro wani tsohon akwatin wuta daga kwamfutar wani ofis da aka zubar tun kafin in shiga firamare, ya buɗe cikinsa, yana ta fito da baki. Kwana tara ya yi a kansa. Ya canza 'yan gwangwanayen ciki da suka kumbura, ya wanke fankar ya sa mata mai. Da ya ga katinka yana buƙatar wasu wayoyi biyu da akwatin ba shi da su, sai ya ƙera su da hannunsa. Har fenti ya yi masa. Ya koma cin tuwon masara faranti biyu, ya raɗa mini suna injiniya, wai ni da shi za mu nuna wa 'yan zamani yadda ake aiki.

Ni kuwa duk inda na karanta magana ɗaya ce: kowane kaya ka yi arha a kansa, ban da akwatin wuta, domin shi idan zai mutu ba ya tafiya shi kaɗai, yakan ja kati da allo su tafi tare. Na san rigakafi ya fi magani, amma da wane baki zan faɗa masa? Na gaya wa Mama, ta ce in rufa mata asiri, ita shekara guda take roƙon Allah ya tashi tsohon nan daga kujera, yanzu da ya tashi ba za ta zama mai mayar da shi ba. Na ce idan katin Kawu ya ƙone fa? Ta ci gaba da yankan albasa.

Abin ya ƙara ɓaci ranar Asabar da muka je shagon kwamfuta duba gidan kwamfutar da na zaɓa. Kaka ya ɗauko akwatinsa a jakar kasuwa don a gwada ko zai zauna a ciki. Mai shagon, wani mai ƙaton ciki da gemu, yana gani ya fashe da dariya, ya ce wa Kaka wannan ai gidan tarihi ya kamata a kai shi, ko kuma a fara kiran 'yan kwana-kwana kafin a kunna. Kaka ya ce masa lokacin da shi yake tayar da matattun talabijin, uban mai shagon ko ɗaure takalminsa bai iya ba, kuma duk wanda sana'arsa buɗe kwali ce kada ya sa baki a maganar masu gyara. Mutane suka yi dariya. Sannan ya juyo gare ni, ya ce injiniya ta faɗa wa wannan mutum gaskiya. Kawu, sai na sunkuyar da kai. Na san mai shagon ne da gaskiya, amma na tsani yadda ya faɗe ta. Har muka hau bas muka sauka Kaka yana faɗa.

Ranar Lahadi a coci ban ji ko kalma ɗaya ta huɗuba ba. A can ne na tuna dokarsa, wadda kai ma na san ka sha ji: ba abin da yake sauka daga teburinsa sai an ɗora masa kaya an ga ko zai ɗauka. Bayan mun ci abincin rana na tattara ƙarfin halina, na ce masa ina so ya koya mini yadda ake gwajin, kafin mu haɗa da katin. Ya ji daɗi ƙwarai, ya ce yanzu na yi magana irin ta masu sana'a. Ya tambayi yawan wutar da katin yake ja, na faɗa masa, ya ce wannan daidai yake da ƙwan fitilar mota huɗu. Ya zaro su daga wani kwalin takalmi, ya jera a kan katako, ya haɗa mitarsa mai allura, ya ba ni aikin kallon allurar ina faɗa masa abin da ta nuna.

Ƙwai na farko ya kama, allura tana kan sha biyu cif, inda ya kamata ta tsaya. Na biyu ma haka, Kaka ya kashe mini ido. A na uku allurar ta fara zamewa, na ce sha ɗaya da rabi. Ya ce in sake dubawa da kyau. Na ce ta ƙara sauka. Da ya haɗa na huɗu sai akwatin ya yi wani siririn kuka, fitilun suka dushe kamar garwashin da ya kwana, wani wari ya tashi, komai ya mutu. Ya zare wayar bango da sauri. Ya daɗe yana kallon akwatin, sannan ya kalle ni ta saman tabarau, ya tambaye ni ko dama na sani. Ban iya yi masa ƙarya ba, na ce na yi zato. Ya gyaɗa kai, ya ce na yi daidai, mai gyara na gari ba ya yarda da kowa sai allura, ko da kakansa ne. Ya naɗe akwatin a jarida, ya tura ƙarƙashin tebur, ya fito ya ja ƙofar baranda.

Katinka ya tsira, Kawu. Washegari Kaka ya zauna tare da ni muka zaɓi sabon akwatin wuta, mai ƙarfi da takardar garanti ta shekara bakwai, ya yi tambayoyi masu ma'ana, ko kaɗan bai yi mini faɗa ba. Da ma ya yi. Yau kwana biyar ke nan bai taɓa ƙofar baranda ba. Ya koma kujerarsa, ya koma kirana da sunana na yanka. Kayan duka za su iso ranar Alhamis mai zuwa. Na roƙe shi mu haɗa tare, domin an ce 'yan ƙusoshin mazaunin ƙwaƙwalwa idan ɗaya ya lanƙwashe shi ke nan. Ya ce in kai wa mai gemu, shi zamaninsa yana ƙarƙashin tebur cikin jarida. An ce gaskiya ɗaci gare ta, amma ba a gaya mini cewa wanda ya faɗe ta ma yana kwana da ɗacin ba. Ina ta tunanin ko da na saya a ɓoye na musanya ba tare da ya sani ba, ko da na bari ya gano da kansa. Ban sani ba.

Ga roƙona. Na san kai da Kaka hirarku ba ta wuce yaya sanyi, yaya aiki, sai ya miƙa wa Mama wayar. Don Allah wannan Lahadin ka kira shi shi kaɗai. Kada ka ambaci kwamfuta, kada ka ce na rubuto. Ka ce masa wani abu ya lalace a gidanku, injin wanki ko rediyon mota, ka rasa yadda za ka yi, kuma masu gyaran can ba su san komai ba. Ka bar shi ya yi maka bayani, ko da zai kai awa guda, ko da zai ce maka tun kana yaro ba ka iya riƙe sukundireba ba. Idan kuma babu abin da ya lalace, Kawu, ka duba da kyau. Gida ba ya rasa abin gyara, kuma ni ba zan buɗe ko kwali ɗaya ba sai ya tashi ya tsaya a kaina.

Ka gaishe mini da Anti Viorica, ina yi mata sannu da hidima. Ka gaishe da Daria, ka ce ta yi haƙuri ta riƙe mini gurbina ko da zan ɗan makara. Ka miƙa gaisuwata ga Baba Costel maƙwabcinku da iyalinsa. Mama tana gaishe ku, haka ma Inna Lenuța ta hawa na biyu. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri a Kirsimeti.

Taka 'yar, mai ƙaunarka da jiran amsarka,
Ruxandra